CACA DA MATAFIYI: WAIWAYE DAGA ZAMANIN WURI ZUWA TEBURIN KARTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani matashi ɗan wajenmu, ƙasar Gaya, ya yi mini lokacin da ya zo hutun Sallah daga Legas inda yake neman abinci. Ya ce: "Malam, na ga wasu mutane a waya suna yawo ƙasa-ƙasa suna shiga gasar karta a manyan gidajen wasa. Kowa zai biya kuɗin shiga, a zauna kwana da kwanaki, a ƙarshe gwani ya ɗauki kyauta. Wannan ai ƙwarewa ce kamar ƙwallo ko dambe. Shin ita ma caca ce?" Na fahimci cewa tambayar ba ta neman sani kawai ba ce, akwai abin da zuciyarsa take saƙa masa. Na yi masa alkawarin amsa a rubuce, kuma na ga ya fi kyau mu faro daga tarihi, domin wannan abu da yake gani sabo, kakanninmu sun san shi, sun kuma san ɓarnarsa tun kafin a san mota a ƙasar Hausa.

Gaya, hanya da kuɗi

Gaya tsohon gari ne a gabas da birnin Kano. Labarin da aka gada ya nuna cewa daga nan ne maƙeran nan Abagayawa suka tashi zuwa Dutsen Dala neman tama, kafin birnin Kano ya kafu. Wato tun asali mutanen wannan ƙasa matafiya ne masu fita neman arziki. Wanda ya baro Kano ya haye gadar Wudil ya miƙi hanyar da take zuwa Dutse da Azare har Maiduguri, ta ƙasar Gaya zai bi, Ajingi kuwa tana arewa da ita, tana iyaka da Jihar Jigawa. Daga Kademi da Shagogo zuwa Balare da Toranke da Gafasa, rayuwar mutane iri ɗaya ce: noma da damina, ci-rani ko fatauci da rani.

Tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro, wadda take cikin Ghana ta yau. Ya kuma ambata cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703 zuwa 1731) wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Waɗannan abubuwa biyu, doguwar hanya da kuɗin da ake ƙirgawa a hannu, su ne ƙasar da caca take tsirowa a kai. Muddin dukiyar mutum hatsi ce a rumbu ko saniya a turke, da wuya ya salwantar da ita a dare ɗaya. Amma da ta koma ƙwayoyin wuri a cikin jaka, sai ya zamana za a iya zube ta a tabarma.

Ita kalmar caca ta girmi karta a bakin Bahaushe. Da wuri ake yin ta: a watsa 'yan ƙwayoyi, a duba nawa suka kife nawa suka faɗi rigingine, a kan haka wani ya ci wani ya faɗi. Abin lura shi ne, wurin da ake watsawa shi ne kuma kuɗin da ake ci. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Ka ga ke nan farke yana iya zama da tarin wuri a gabansa, yana zuba goma-goma yana ganin ba komai ba ne, har ribar tafiyar wata shida ta zurare bai ankara ba.

Me ya sa sai a zango? Tafiyar Gwanja takan ɗauki watanni, ayari yana sauka yana tashi ƙarƙashin madugu. A zango akwai dogon dare, akwai kuɗi a hannu, sa'an nan babu uba, babu suruki, babu limamin unguwa. Mutumin da a garinsu kunya ba za ta bar shi ya tsaya kusa da tabarmar caca ba, a can babu wanda ya san sunan kakansa. An ruwaito cewa wani mutum ya taɓa yabon wani a gaban Sayyidina Umar (RA), sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko ya taɓa yin tafiya da shi, ko sun taɓa hulɗar dinari da dirhami. Da ya ce a'a, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Tafiya da kuɗi, biyu daga cikin ma'aunan Umar guda uku, su ne suke haɗuwa a kan matafiyi a zango.

Yadda karta ta yi nata yawon

Ita ma karta matafiyiya ce. Asalinta daga ƙasar Sin ne, ta biyo ta Farisa ta iso Masar a zamanin daular Mamluk. A shekarar 1939 wani masani mai suna Leo Mayer ya gano wata tsohuwar kartar Mamluk a fadar Topkapi da ke Istambul. Tsarinta na ganye 52 ne, gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan doki. Babu hoton mutum a jiki, sai zane da rubutun Larabci, kuma manyan ganyayen su ne sarki da na'ibinsa da na'ibi na biyu. Daga kalmar na'ibi ne mutanen Sifaniya suka samo sunan da suke kiran karta da shi har yau. Ta shiga Turai a wajejen 1370, kuma kafin a je ko'ina, a 1377, hukumar birnin Florence ta Italiya ta kafa dokar hana ta. Sunan da muke kiran ta da shi, karta, shi ne sunanta a bakin Larabawan Magrib, asalinsa kuwa kalmar takarda ce a harsunan kudancin Turai.

A ƙasar Kano, abin da ya shimfiɗa wa karta tabarma shi ne sauyin da ya biyo bayan zuwan Turawa a 1903. Aka kawar da wuri aka kawo sulalla da kwabbai, aka ce da su za a biya haraji. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Manomin da a da yake ganin kuɗi jefi-jefi, sai ga shi da kaka yana karɓar kuɗin noman shekara a rana ɗaya, a kasuwa, nesa da gida. Inda duk irin wannan kuɗi ya taru, sai ka ga wasu baƙi sun bayyana. Su ne kartagai, gwanayen karta waɗanda ba su da sana'a sai bin kasuwanni. Sun san ranar da kowace kasuwa take ci, sun san lokacin kakar gyaɗa da ta auduga, sun san inda ake biki ko wasan dambe. Tare da su akwai 'yan wala-wala masu ganye uku a kan kwali, da abokansu da suke shiga cikin taro kamar 'yan kallo, su zuba su ci a gabanka domin ranka ya biya.

Ina yaro na ga ƙarshen irin wannan ciniki da idona. Wani magidanci a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi ya kai sansa na huɗa kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a, da nufin ya sayar ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, ragowar ya sayi ɗan maraƙi. Bai dawo ba sai ranar Lahadi, a ƙafa, ba sa ba kuɗi. Da fari ya ce 'yan fashi ne suka tare shi. Daga baya aka ji cewa wasu baƙi ne suka ja shi bayan tasha, ya ci sau biyu a farkon zama, daga nan bai sake ci ba. An ɗaura auren, 'yan'uwa suka yi karo-karo aka rufa asiri, amma da damina ta faɗi sai ga shi yana ƙodago a gonar wani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar mahaifiyarsa, cewa shekara arba'in ba ta taɓa ganin sa da karta a hannu ba. Gaskiya ta faɗa. A gida bai taɓa yi ba.

Kartagan Amurka da gasarsu

Yanzu bari mu leƙa inda gasar da matashinmu yake gani a waya ta samo asali. Wasan da ake kira Poka ya bayyana ne a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 19, ya yaɗu ta jiragen ruwan da suke zirga-zirga a Kogin Misisipi ɗauke da fatake da kuɗin auduga. A tsakiyar ƙarni na 20 akwai wasu gwanaye a Jihar Texas, irin su Doyle Brunson da Amarillo Slim, waɗanda suke yawo a mota gari-gari suna neman inda masu kuɗin mai da masu shanu suke zaman karta. In ka cire hular kaboyi da motar, ba su da bambanci da kartagan kasuwanninmu.

A 1970 wani mai gidan caca a Las Vegas, Benny Binion, ya tara waɗannan mutane a gidansa ya sa wa taron suna gasar duniya. A shekarar farko ƙuri'a suka kaɗa a tsakaninsu suka zaɓi Johnny Moss a matsayin gwani. Daga 1972 aka tsayar da kuɗin shiga babbar gasar a kan dala 10,000, kuma tsarin shi ne duk wanda jarinsa ya ƙare ya tashi, har a rage mutum ɗaya. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya doke mutane 838 ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Labarinsa ya zaga duniya, kowane ɗan ƙaramin ma'aikaci ya ga kansa a wannan kujera. Shekara uku kacal bayan haka, a 2006, mutum 8,773 suka shiga. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe gasar gauraye ta dala 50,000, inda ake juya wasanni biyar daban-daban a teburi guda domin a ce wanda ya ci gwani ne na gaske, ba sa'a ta ɗauke shi ba. Mutum 143 suka shiga, Chip Reese ya yi nasara.

To, ɗan'uwa, mu yi lissafi kan babbar gasar ta 2006. Mutum 8,773 kowa ya ajiye dala 10,000, an tara sama da dala miliyan 87 ke nan. Abin da aka raba a matsayin kyauta kimanin miliyan 82 da rabi ne, sauran sama da miliyan biyar an cire tun kafin a raba ganye ɗaya. Mutum 873 ne suka samu wani abu, na farko ya ɗauki miliyan 12. Mutum 7,900 suka koma gida hannu rabbana, ban da kuɗin jirgi da na masauki. Duk dalar da ta shiga aljihun wanda ya ci, daga aljihun wani da yake zaune tare da shi ta fito. Ba a noma komai ba, ba a ƙera komai ba, ba a kai kaya daga inda suke da arha zuwa inda ake buƙatarsu ba kamar yadda farke yake yi.

Ba na musun cewa akwai ƙwarewa a ciki. Kartagin kasuwa ma gwani ne, gwanintarsa ce ta raba mutumin ƙauyenmu da sansa. Amma dubi ƙarshen wanda da yawa suke ɗauka babu kamarsa a wannan fage, Stu Ungar. Ya ci babbar gasar sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, na ƙarshen ya karɓi dala miliyan ɗaya. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki mai arha a Las Vegas, yana da shekara 45, bai bar wata dukiya ba. Caca da miyagun ƙwayoyi sun cinye komai. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da magabata suka ce game da gasa

Musulunci ya tarar da Larabawa suna da tasu cacar mai tsari da martaba, wadda ake kira maisir. Mutane za su sayi raƙumi bashi a yanka, a kawo kibau goma marasa tsini. Bakwai suna da rabo, daga kashi ɗaya har zuwa bakwai, uku kuwa babu komai a kansu. Waɗanda kibau ukun nan suka faɗo a kansu su za su biya kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci kuwa sau da yawa ba sa cin naman, sai su rabar wa matalauta, ana yi musu kirari, wanda ya ƙi shiga kuma a kira shi marowaci. Wato caca ce da ta sa rigar kyauta. Duk da haka Alƙur'ani bai bar ta ba. A Suratul Baƙara aya ta 219 aka bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 aka haɗa ta da giya da gumaka, aka umarci muminai su nisance ta, aka kuma faɗi illolinta: ƙiyayya tsakanin mutane da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Idan rigar ciyar da miskinai ba ta halatta caca ba, yaya rigar wasanni da kofi da hoton talabijin za ta halatta ta?

Amsar tambayar matashinmu kai tsaye tana cikin littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu na Gaya da Ajingi, wato Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. A ƙarshen littafin ya kawo hukuncin tsere. Ya halatta gasar dawaki da raƙuma da harbin kibiya, sa'an nan ya kawo ra'ayin Imam Malik cewa mutum ɗaya ne zai fitar da kyautar, idan wani ya riga shi ya ɗauka, idan kuwa shi ne ya yi nasara kyautar ba ta komawa aljihunsa, sai ta tafi ga wanda yake biye da shi. Dubi hikimar: ko a tseren doki, wanda ƙwarewa ce tsantsa kuma shiri ne na kare al'umma, an toshe ƙofar da kowa zai zuba nasa domin ya kwashe na 'yan'uwansa. Ma'aunin da malamai suke bi ke nan, duk wasan da mai shigarsa yake tsakanin ya ci dukiyar abokinsa ko a ci tasa, caca ne, ko da wane suna aka kira shi. Gasar karta da ake tara kyautarta daga kuɗin 'yan wasa ta faɗa cikin wannan ma'auni ba tare da wani tawili ba. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca, gayyata kawai, da ya yi sadaka.

Doka da iyakarta

Hukumomi sun daɗe suna fama da wannan al'amari. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa da ta fara aiki a 1960 ta haramta buɗe gidan caca. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta haramta injinan cacar nan da ake kira kalo-kalo. Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a watan Yuni na 2000 a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso, aka fara aiki da ita a watan Nuwamba na shekarar, sa'an nan a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka kafa Hukumar Hisba da doka. Tabarmar karta ta bayan kasuwa ta ja baya, amma sai ga shagunan cacar ƙwallo sun ɓullo, wasu a fake da sunan gidan kallo. A 2024 Hisba ta rufe irin waɗannan shaguna guda 30 a cikin Kano, kuma a watan Nuwamba na wannan shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar tarayya ta 2005 kan caca, ta ce hurumin jihohi ne.

Sai dai akwai abin da doka ba ta iya kaiwa gare shi. A zamanin fatake sai mutum ya yi tafiyar watanni kafin ya samu zangon da ba a san shi ba. A zamanin gyaɗa sai ya je kasuwa. Yau kuwa zangon yana cikin aljihunsa. Saurayi yana kwance a ɗakinsa a Toranke, mahaifinsa yana tsakar gida yana lazimi, shi kuwa yana zaune a teburin da babu wanda ya san shi. Ɗan Hisba yana iya sa kwaɗo a shago, amma ba zai iya shiga waya da tsakar dare ba. Abin da ya rage shi ne abin da ya rage wa farken kirki a hanyar Gwanja, wato sanin cewa Wanda yake ganin sa a gida Shi ne yake ganin sa a zango.

Saboda haka, ga amsata gare ka ɗana, da duk wani ɗan ci-rani ko ɗalibi ko ɗan kasuwa da yake nesa da gida. Gasar nan caca ce, kuma kuɗinta haram ne ko ka fi kowa iyawa. Kada ka zauna a wurin ko da sunan kallo, domin mutumin ƙauyenmu ma da kallo ya fara. Idan kuɗi suka shigo hannunka, ka aika da haƙƙin iyali tun kafin dare ya yi. Ka nemi masauki kusa da mutanen da suka san iyayenka, ka riƙi masallacin unguwar da ka sauka har a san fuskarka. Idan kuwa ka riga ka faɗa, kada ka ce sai ka mayar da abin da ka rasa sa'an nan ka daina, domin garin neman gira ake rasa ido. Ka tashi a inda kake, ka goge abin daga wayarka, ka faɗa wa wani babba da ka amince da shi, ka tuba. Su kuma iyaye da malamai, idan ɗanku ya dawo daga tafiya, bayan tambayar abin da ya samo, a riƙa tambayar sa da wa yake zama.

Allah Ya tsare mana imaninmu a gida da daji, Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya shiryi zuriyarmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini.